Yankan Kumba a Hannun Yaya

A wurin aiki Dakta ake ce mata, amma a gida ita Auta ce, kuma ko da furfura ta fara leƙowa ta gefen kunnenta, yayanta bai taɓa kiranta da wani suna ba. Su biyu kaɗai iyayensu suka bari, shi ya tsaya mata har ta ƙare karatu. Sana'arsa nutso. Yana shiga ƙarƙashin jiragen ruwan da suka tsaya a tasha, ya kankare dattin da ya manne a gindinsu, ya duba farfela, ya fito yana huci. Abokan aikinsa Kwaɗo suke ce masa, shi kuma yana amsawa da murna.

Ita kuwa aikinta a wani ɗakin gwaje-gwaje yake, can ƙarshen gaɓa, inda hanyar mota ta ƙare. Gini ne mai ɗakuna masu sanyi da warin gishiri, famfo yana gurnani yana jawo ruwan teku zuwa tankunan gilashi da aka jera a jikin bango. A cikin tankunan nan take kiwon wata halitta da ko masunta ba su damu su sa mata suna ba. Kamar 'yar salka take, tsawonta bai wuce yatsa ba, tana manne da dutse ko katako ba ta motsi. Baki biyu gare ta, ɗaya yana zuƙar ruwa, ɗaya yana fitarwa. In ka ɗauko ta ka matsa, sai ta tsarto maka ruwa a fuska. Shi ya sa Yaya ya sa musu 'yan tsartuwa, har sunan ya bi su a ɗakin gwaje-gwajen.

Ranar da ta fara gaya masa cewa abin nan danginmu ne, sai da ya ajiye cokali don dariya. Ta ce da gaske take. Lokacin da suke jarirai suna da wutsiya, suna iyo, kuma akwai wata 'yar sanda a bayansu wadda ita ce mafarin ƙashin baya irin namu. In sun girma ne suke samun wuri su lafe.

"To ai shi ke nan," in ji Yaya. "Ni dai ta wajen uwa da uba na san kowa. Waɗannan naki ne ke kaɗai."

Abin da take nema a jikinsu shi ne yadda suke faɗa da cuta. Takan ɗauki siririyar allura ta sa musu ƙwayar cuta a ƙarƙashin fata, ta mayar da su ruwa, ta zauna jira. Kafin yini ya raba, wurin ya canza launi. In ta ɗebi jininsu ta duba a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, sai ta ga ƙwayoyin jinin sun yi dafifi zuwa wurin, wasu suna haɗiye cutar, wasu suna fashewa suna zubar da dafi a kanta, wasu suna yi mata katanga. Kumburi ke nan, irin wanda yake tasowa a yatsan mutum in ƙaya ta soke shi. Tsohuwar garkuwa ce da muka gada tun kafin a yi ƙashi. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne yadda 'yan tsartuwa suke sanin lokacin dainawa. In cutar ta mutu, faɗan ya lafa, fata ta koma yadda take.

A wata shekara aka yi zafin da ruwan gaɓa ya koma kamar an ɗora shi a wuta. Kifaye suka riƙa tasowa da fararen cikkuna sama. Injin sanyaya ruwan tankuna ya yi ta fama har ya ƙone, kafin a gyara shi fiye da rabin 'yan tsartuwanta sun yi laushi sun narke, ruwan ya yi fari yana ɗoyi. Aikin da ta daɗe tana ginawa ya tsaya cak, don ba a gwaji da matattu.

Ta je gidan Yaya da yamma, ba da niyyar roƙo ba, sai don ta sami mai jin kukanta. Matarsa, wadda kowa ke kira Maman Biyu saboda tagwayen 'yan matanta, tana guga a falo. Yaya yana kwance a doguwar kujera da ƙafarsa a kan matashi.

"A ƙafafun tsohuwar gada fa suna nan kamar da bakin ƙwarya," ya ce bayan ya gama ji. "Can ƙasa, inda ruwan ke da sanyi. Gobe ba ni da aiki, na ɗebo miki."

Maman Biyu ta dangwarar da dutsen guga. "Baban Biyu, likita bai ce ka rage shiga ruwa ba? Da sugan nan naka?"

"Rage ya ce, bai ce daina ba. Kuma wannan ai ba nutso ba ne, wanka ne."

Auta ta ce a bari, za ta nemi wani. Ta faɗa sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Ya ɗaga mata hannu kamar mai korar ƙuda, ita kuma ta ƙyale shi, don a ranta tana so ya je.

Washegari da hantsi ya iso ɗakin gwaje-gwajen da bokitai biyu, jikinsa na ɗiga. Manya-manya ya samo, masu ƙiba, suna sheƙi. Tana ta murna tana juye su a tanki sai ta ga ya naɗe tafin hannunsa na hagu da tsumma.

"Me ya same ka?"

"Kumbar ruwa ce, mai kaifin ɓawon nan, ta ɗan gaishe ni. Safar hannun ta yage."

Ta sa ya kwance. Yanka ne ƙarami a gindin babban yatsa, jini ma ya tsaya. Ta wanke masa da sabulu a famfo, ta zuba maganin ciwo, ta liƙa filasta. Ta ce in ya ga ya yi ja ko ya yi zafi ya je asibiti, kada ya tsaya wasa.

"Hannun nan ƙugiya ta shige shi ta fita," ya ce. "Ke dai kula da danginki."

Bai kira ta ba a ranar. Washegari da safe Maman Biyu ce ta kira, muryarta ƙasa-ƙasa, alamar ba ta so ya ji.

"Auta, ki zo ki ga yayanki. Zazzaɓi ya kwana da shi, hannun kuma ya haye. Ya sa an sayo masa ƙwaya a kemis, ya ce ba inda za shi."

Ta same shi zaune a bakin gado an lulluɓa masa bargo a wannan zafin, haƙoransa na haɗuwa. Ya yi ƙoƙarin yi mata murmushi. Ta ɗaga bargon. Hannun ya kumbura har gwiwar hannu, fatar ta yi tsauri tana ƙyalli, kuma a bayan hannun bororo ya taso, manya, masu launin jini da ya kwana. Ta taɓa can sama, inda fatar take kamar lafiya lau, sai ya saki ƙara. Yaya da ko haƙori aka cire masa ba ya cewa uffan.

Ta san ƙwayar cutar. Irinta take ajiyewa a firjin wurin aiki cikin 'yan kwalabe masu jan murfi, mai son ruwan gishiri in ya yi ɗumi, wadda take yi wa mai ciwon suga mummunan kamu. Ta san kuma saurinta.

"Tashi," ta ce.

"Auta, bari maganin ya..."

"Yaya, wallahi ko ka tashi ko in kira maƙwabta su ɗauke ka."

Ya dube ta. Tun da aka haife ta ba ta taɓa yi masa magana haka ba. Ya miƙe, ƙafafunsa suka ƙi, sai da su biyu suka tallafe shi zuwa mota.

A asibiti ba a ɓata lokaci ba. Likitar da ta karɓe su, wata doguwar mace mai tabarau, ta ji kalma biyu kawai, ruwan teku da suga, ta sa aka tura shi ciki. Ta ɗauki biro ta zana layi a damtsensa, daidai inda jan ya tsaya. Aka ɗaura masa ruwa a hannun dama, aka zuba magunguna masu ƙarfi. Kafin a gama haɗa kayan tiyata, jan ya tsallake layin.

An shiga da shi an yanke naman da ya mutu. Da aka fito, likitar ta kira su gefe, a wani lungu kusa da injin ruwan sha.

"Mun cire abin da muka gani," ta ce. "Amma cutar ta fi mu sauri. In muka bar hannun, za ta kai kafaɗa, daga nan ƙirji."

Maman Biyu ta juya ga Auta. "Me take nufi?"

Likitar ce ta faɗa a fili: sai an yanke hannun. Maman Biyu ta dafa bango, ta silale ta zauna a ƙasa, takalminta ɗaya ya fita.

Yaya yana cikin hayyacinsa lokacin da aka tambaye shi. Ya daɗe yana kallon silin. Sannan ya ce, "Na hagu ne ko?" Aka ce na hagu ne. Ya ce, "To a ɗauka. Dama ba shi ke ci da ni ba."

Aka yanke shi sama da gwiwar hannu.

Kwanakin da suka biyo, su biyu suka zama 'yan benci a ƙofar ɗakin da ake ajiye masu ciwo mai tsanani. Ba a barin kowa ya daɗe a ciki. Maman Biyu takan shiga ta fito, Auta ta shiga ta fito. Tagwayen suna gidan wata maƙwabciya, an ce musu Baba ya ji ciwo a wurin aiki. Abokan nutsonsa suka zo a ayari, manyan maza masu faɗin ƙirji, suka tsaya cirko-cirko a baranda ba su san inda za su sa hannuwansu ba.

Akwai wata safiya da ya farfaɗo sosai. Zazzaɓin ya sauka, idonsa ya washe. Auta ta same shi yana kallon dungun da aka naɗe da bandeji.

"Yana min ƙaiƙayi," ya ce. "Yatsun. Ki ji rashin kunya, ba sa nan amma suna ƙaiƙayi."

Ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Ina 'yan uwan naki? Sun rayu?"

"Suna nan lafiya."

"Madalla. Da sun mutu ai da na yi asara biyu." Ya lumshe ido, ya buɗe. "Kada ki bari uwar yaran nan ta riƙa zama da yunwa. Na san halinta, sai ta ce ta ci."

Ta fita ta gaya wa Maman Biyu ya yi magana, har da barkwanci. Suka rungume juna a baranda. Ranar ce kaɗai suka ci abinci da daɗi, a wani shago da ke ƙofar asibitin, har Maman Biyu tana lissafin yadda za a gyara masa riguna.

Amma Auta ta riga ta ga ledar fitsarin da ke rataye a gefen gadonsa. Tun safe ba ta ƙaru ba. Ba ta gaya wa kowa ba.

Zuwa la'asar numfashinsa ya fara sauri. Washegari aka sa masa bututu a maƙogwaro, aka ba shi maganin barci. Jikinsa ya kumbura gaba ɗaya, fuska, ƙafafu, hannun da ya rage, har sai da aka yanke zobensa. Aka kawo injin wankin ƙoda aka jona. Maganin da ke riƙe masa ƙarfin jini aka yi ta ƙarawa.

Likitar ta tare Auta a baranda. Ta riga ta san aikinta, don haka ba ta yi mata kwana-kwana ba.

"Gwajin jininsa ya dawo. Babu ƙwayar. Maganin ya kashe ta."

"Amma jikin bai daina ba," in ji Auta.

"Bai daina ba."

Ba ta buƙatar ƙarin bayani. Ta sha kallon farkon wannan abu a madubi, ta sha jin daɗin kallonsa. Ƙwayoyin jini suna kiran juna, kowace ta kira wasu, suna zubar da dafi. A jikin Yaya kiran ya game ko'ina. Jijiyoyin jininsa sun saki, ruwa yana tsiyayewa cikin huhu, ƙoda ta tsaya, hanta na bi. Babu abokin faɗa kuma, amma ba wanda ya iya gaya wa jikin ya ajiye makami.

"Ba abin da za a ba shi ya kwantar da shi?" Ta san amsar, amma ta tambaya kamar kowace ƙanwa.

"Muna ba shi abin da muke da shi. Saura mu riƙe shi, ko jikin zai gaji ya lafa kafin..." Likitar ta cire tabarau ta murza ido. "Ki kira duk wanda ya kamata ya gan shi."

Aka kawo tagwayen. Ɗaya ta shiga ta tsaya daga nesa, ta ce wannan ba Baba ba ne. Ɗayar ta ƙi shiga sam, ta maƙale a jikin ƙofa.

Ya cika da rana tsaka, ana ta hayaniyar masu kawo abinci a baranda. Maman Biyu na riƙe da hannunsa. Auta na tsaye a ƙafar gado tana kallon lambobin da ke kan allo suna sauka, don ta kasa kallon fuskarsa. Wata nas ta zo ta kashe ƙarar injin, ɗakin ya yi tsit.

Bayan an yi jana'iza, masu gaisuwa sun ragu, sai ta koma wurin aiki don ba ta san inda za ta sa kanta ba. An gyara injin sanyi. 'Yan tsartuwan da Yaya ya kawo sun kama gilashi sun lafe, bakunansu a buɗe, ruwa na shiga yana fita. Abokin aikinta, wanda ya riƙe mata wurin, ya ce ya yi wa wasu allurar kamar yadda ta tsara, don kada lokaci ya wuce. Ya nuna mata su a ƙaramin tanki. Wurin allurar ya yi duhu ya warke, saura ɗan tabo. Duka sun rayu.

"Sakamakon ya yi kyau ƙwarai," ya ce a hankali, kamar mai neman gafara.

Ta ce ta gode. Ta shiga ɗakin firji ta rufe ƙofa, ta zauna a kan kujerar ƙarfe har sanyin ya shiga ƙashinta.

Maman Biyu ba ta taɓa ce mata ke ce sila ba. Da ta faɗa, da Auta ta fi samun sauƙi. Sai dai ta daina kallonta a ido. Auta tana zuwa kullum bayan aiki, ta duba wa yara aikin makaranta, ta zauna kaɗan, ta tafi. Suna gaisawa, suna maganar wuta da ruwa da takalman yara.

Wata yamma ta same ta a kicin tana wanke-wanke. Ta ɗauki tsumma ta tsaya gefenta tana goge kwanuka. Can Maman Biyu ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Mutane na tambayata me ya kashe shi. Wasu in ce suga, wasu in ce ciwon hannu. Ni kaina ban sani ba. Likita ta ce cutar ta mutu. To in ta mutu, me ya kashe shi? Ki gaya min yadda zan gane."

Auta ta ajiye kwanon. Ta gaya mata, da kalmomi masu sauƙi, yadda jiki ke tashi in cuta ta shiga, yadda zafi da kumburi ba cutar ba ne, faɗan da jiki ke yi ne. Ta ce wani lokaci faɗan yakan fi ƙarfin mai shi, ya ci gaba bayan cutar ta tafi, ya cinye huhu da ƙoda.

"Wato jikinsa ne."

"Jikinsa ne, yana ƙoƙarin ceton sa."

Maman Biyu ta ci gaba da cuɗa tukunya. "Abubuwan nan da ya ɗebo miki. Su ma haka suke yi?"

"Suna yin faɗan. Amma su suna dainawa."

"Me ya sa?"

"Shi nake nema."

"Kin kusa samu?"

Auta ta so ta ce eh. Ta dubi bayan matar, kafaɗunta da suka rame, ta ga ba za ta iya yi mata ƙarya ba.

"Ban kusa ba. Ƙila ma ba ni zan samu ba. Ko an samu, kafin ya zama magani a asibiti, yaran nan sun girma."

Maman Biyu ta kashe famfo. Ta tsaya da hannuwanta cikin kumfa, tana kallon tagar da ke fuskantar bangon maƙwabta. Auta ta jira zagi, ko kuka, ko a ce mata ta fita. Ba ko ɗaya da ya zo.

"Ƙaramar cikin tagwayen tana fitsarin kwance tun da abin ya faru," in ji Maman Biyu. "Ba ta so 'yar uwarta ta sani. Ni kuma in na yi mata magana sai ta yi ta kuka. Ko za ki tafi da ita wurinki ta ɗan kwana biyu?"

"Zan tafi da ita."

"Kayanta na cikin kwandon da ke bayan ƙofa. Ki haɗa da ledar shimfiɗa."

Auta ta goge hannunta, ta nufi ɗakin yaran. A bayanta ta ji famfo ya sake buɗewa.